Amsar tambayarka kan kan burtu da tokar Baba

Salamu alaikum ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, caji ne ya hana ni amsawa, wuta ta kwana uku bata zo ba. Ka ce kana kallon bidiyon turawan Amurka suna harbin barewarsu mai ƙaho kamar reshen itace da bindiga mai madubi, shine kake tambaya wai da kakanka ya samu irin wannan bindigar ai da baya dawowa hannu rabbana, sannan kan burtun nan da yake ɗaurawa da tokar da yake zubawa a aljihu ko tsafi ne. Na yi dariya sosai wlh, don nima haka na ɗauka ina yaro har sai da na fara binsa daji ina riƙe masa gora.

Tokar nan ba komai bace illa ta gane iska. Zai ɗebo kaɗan da yatsu biyu ya saki, ya ga inda ta nufa. In ta nufi wajen naman to an gama, ko ka zagaya ko ka koma gida, domin hancin gada da barewa ya riga idonsu aiki, kuma ka san gwano baya jin warin jikinsa, kai kana ganin lafiya lau kake alhali warin hayaƙin murhu da zufa da sabulu sun riga ka isa. Shi yasa ranar fita Baba baya wanka da sabulu, baya shafa turare, taba ma sai an dawo, rigar farautarsa kuma a rataye take a bishiya bayan gida ba'a shigar da ita ɗaki. Mu muna cewa camfi ne. Dole iska ta riƙa bugunka a fuska kana tafiya, kuma da hantsi in rana ta fara zafi sai ta riƙa juyawa, shi yasa zaka ga yana tsayawa bini-bini yana sakin toka.

Burtu kuma dabara ce tsohuwa, ba mu kaɗai ke yi ba, maharba da yawa a ƙasar Hausa da Nufawa sun san ta. Tsuntsun nan yawo yake a ƙasa cikin ciyawa yana tsince-tsince, namun daji sun saba ganinsa basa gudunsa. Sai maharbi ya ɗaura kan a goshi, ya rufa da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana kaɗa kai kamar mai kiwo. Wuyar abin a gwiwa take da haƙuri, na ga Baba ya yi kusan awa guda a tafiyar da bata kai daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci ba, ga ƙaya ga ƙarangiya. Ni dana gwada, barewar ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya ta yi gaba, ya ce burtun da yake tafiya miƙe kamar an aike shi ai ba burtu bane.

Dalilin duk wannan wahalar bindigar ce. Adaka ce, bindigar gargajiya, ta baki ake ɗura ta, albarushi, tsumma, sannan harsashi, a danna da sanda, harbi ɗaya gareka, kafin ka sake ɗuri naman ya tsallake ƙauye biyu. Bata cin nesa, sai ka matso sosai. In raɓa ta taɓa albarushin sai kaji ƙyas kawai, in kuma ka cika ɗuri don haɗama ta fashe a hannunka, akwai wani abokin Baba da yatsu uku ya ƙare rayuwarsa. To mai madubi tana rage maka rarrafen, wannan gaskiya ne ban musa ba, amma bata nuna maka inda naman yake. Su ma turawan ka lura da kyau, zaka gansu sun hau bishiya tun duhu suna zaune shiru, wasu har da ɗan kwalban hoda suna fesawa su ga iska. Tokar Baba ce aka sa a roba.

Sanin wuri shine rabin aikin. Gada tana bin inda 'ya'yan itace ke zuba, kanya, ɗinya, aduwa, da rani kuma ƙarƙashin gawo. Mazo sai kurmin bakin rafi, in ya ji motsinka haushi yake kamar kare, kwanta-rafi kuma fito yake yi, da kaji wannan ka san an ganka. Barewa fili take so inda zata hango nesa. Lokaci kuma sassafe ne da yamma lis, tsakar rana suna kwance. Bayan girbi da aka ƙona daji, in sabon toho ya fito, nan zaka same su, ga sawu yana fitowa sarai akan toka. Sannan ka kula da zabin daji da birai, in suka tashi da ihu sun tona ka.

Wajen harbi bayan kafaɗa ake nema, nan huhu da zuciya suke, kuma sai ka yi bisimilla kafin ka saki, in ka tarar da rai ka yanka. Malamai sun ce in ya faɗa ruwa ka same shi a mace kar ka ci, don baka san harbin ne ko ruwan ba. In ya gudu da rauni Baba zama yake ya ci goro tukuna, wai in ka bi shi nan take zai yi ta gudu, in ka ƙyale shi zai kwanta kusa. Jini mai kumfa huhu ne, ba zai yi nisa ba. A garinmu wanda ya fara jini shi ke da nama ko wani ne ya ƙarasa, ana cire cinya a kai wa Sarkin Baka, kuma mai ciki ko mai ɗa a baya ba'a harbinta, in ka yi sai ka sha faɗa gaban mutane. Abin da ban taɓa so ba shine farautar dare da fitilar goshi, ido kawai kake gani yana ƙyalli, an sha harbe mutum ko ɗan maraƙin Fulani a haka.

In tambayar nan shiri ne na kaima ka fara, ka tsaya. Dajin da muka sani gonaki ne yanzu, rabona da ganin barewa a nan har na manta, wanda ya rage irin Rugu da Kamuku kuma ka san su waye a ciki. Yankari da Falgore an hana harbi, bindiga ko adaka ce sai da lasisin 'yan sanda, kuma ka ji yadda aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna hanyar komawa Kano yin sallah. Kan burtun yana nan a ɗakin Baba cikin tsohon akwatin ƙarfe, gara ta ɗan taɓa madaurin, in kazo hutu zan ciro maka ka ɗaura ka gwada rarrafen a tsakar gida mu gani. Ka gaida mamanka, ka ce mata daddawar ta iso.