Amsa ga mai son a zana dokin mahaifinsa

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka, cewa dokin Baba ya tsufa, kana son a zana shi da hannu kafin Sallah, kana neman wanda za ka ba aikin da abin da ake biya. Wallahi da na karanta sai raina ya sosu, don abin ya taɓa faɗa mini.

Tunda dokin yana da rai, ka ɗauko mai zanen ka kai shi barga. Ya zauna ya kalle shi a turke, ya ga yadda yake riƙe wuya da yadda yake karkata kunne in ya ji muryar Baba. In ya ce hoto ya ishe shi, nemi wani.

Namu akawal ne, baƙi wuluk, da ɗan fari a goshi wanda ya karkata hagu, da farar ƙafar baya ɗaya. Da ya mutu, mahaifina ya hana a cire turkensa. Hoto ɗaya tak muke da shi, na takarda, wanda aka ɗauka ranar hawan Sallah a ƙofar fada a Birni, tsoho yana bisa da rawani. Na kai wa wani mai zane a Zango, ya karɓi hoton, ya karɓi kafin alƙalami, ya ce in dawo bayan Juma'a. Daga nan sai gobe, sai jibi. Rannan na tarar da shago a kulle, maƙwabta suka ce ya bi ayarin masu neman zinariya zuwa Jado, can arewacin Nijar, don a 2014 ne, lokacin da samari suke ta tafiya can. Ko sallama babu! Da ya dawo ya miƙo mini wani doki mai lotsattsen hanci irin na Larabawa, wanda ya kwafo daga intanet ya shafe da baƙi. Kowa a nan ya san dawakinmu karan hancinsu a tashe yake. Farin goshin ma ya ɗora shi a tsakiya. Hoton kuwa ya ce ruwa ya jiƙa shi. Ya faɗa yana danna waya, ko kallona bai yi ba. Na kai wa tsoho zanen, ya riƙe, ya daɗe yana dubawa, ya ce: "Wannan dokin wane ne?" Har Allah ya karɓi ransa bai sake ganin kamannin dokinsa ba. Na yafe kuɗin, amma hoton nan har yau yana ci mini rai.

Don Allah kada hoton takarda ya bar gidanku, a ɗauke shi da waya. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba ingancinsa raguwa yake, gashi da jijiyoyin fuska su ɓace. In za ka ɗauki hoton dokin, ka ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, daga gefe, wayar daidai kafaɗarsa, don in ka matso ta gaba kai zai kumbura, ƙafafu su tsuke. Ku kuma yanke tun farko: da sirdi da linzami da jalala za a zana shi, ko tsirara. Ni dai tsirara na fi so, ado yana rufe doki.

Kuɗi ya danganta da girman takarda, da ko fensir ne, gawayi ko fenti. Kada ka wuce rabi a farko, sauran sai ya nuna maka zanen fuska Baba ya ce shi ne. Na gawayi a sa masa gilashi, hannu da ƙurar hunturu suna ɓata shi, kuma a nisanta shi da bangon da gara ke bi.

Af, ka ce ya tsufa. In ya fara zubar da hatsi daga baki yana ramewa, yawanci haƙora ne. A riƙa jiƙa masa dusa, a kira likitan dabbobi ya duba bakin. Ka gaida mana Baba.