Ramin Loto da Mutumin da Ya Yage Takardata

Kai yaro, kana tambayata yadda ake gane tsohon ramin kuza da aka binne, alhali sama ba ta nuna komai. Kafa turaku da jan waya ba zan maimaita maka ba. Wanda bai iya wannan ba ya koma gida.

Ta turakun nan na'urar awo ke tura lantarki cikin ƙasa. Rami mai iska yana tare lantarki, sai lambar da na'urar ke nunawa ta hau. In ya cika da ruwa ko laka, sai ta faɗi. Rami ɗaya, karatun rani daban, na damina daban. Na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa kuwa, ku yaran yanzu kun mutu a kanta don tana zana hoto, amma jiƙaƙƙen yumɓu shanye ta yake yi.

Abin da ke kashe mutum shi ne tazarar da ke tsakanin layukan awo. Tun farkon shekarun 1900 ake haƙar kuza a Filato, kuma masu loto, wato masu haƙar kuza da hannu, ba sa ajiye taswira. Bakin raminsu da ƙyar ya wuce faɗin rijiya, sai can ƙasa ya bazu gefe-gefe yana bin kuza. Ka ja layi nan, wani can nesa, ramin yana tsakiya yana jiranka.

Wani mai fili a wajen Bukuru ya kira ni awo. Na ce sai an matse layuka, ya ce kuɗin layi uku kawai yake da shi. Na yi masa, na ga lamba ta yi tsalle a kusurwar gabas. Na rubuta a shafin ƙarshe, da jan biro, cewa kada a aza bulo sai an ƙara awo, an kuma huda wurin da injin burtsatse. Mutumin nan ya yage shafin, ya sayar da fili da sauran takardar mai ɗauke da hatimina. Damina ta biyu ƙasa ta zaftare, katanga ta nutse har da ɗakin girki. Allah ya kiyaye ba kowa ciki. Sunana aka kira, ba nasa ba! 'Yan kwangilar da muka shekara muna aiki suka daina ɗaga wayata. Har yau in na bi ta unguwar, raina ɓaci yake.

Don haka gargaɗinka ya hau kowane shafi, mai fili ya sa hannu a gabanka. Kuma kafin ka kunna na'ura, nemi tsofaffin da suka yi loto a wurin, ka durƙusa ka gaishe su, ka bar latsa wayar nan.