Tambayi Likita: Raunin Ƙirji Ya Ruɓe Bayan Tiyatar Zuciya

Tambaya: Likita, an yi wa maigidana tiyatar zuciya. Bayan mako uku ɗinkin ya fara fitar da mugunya, in ya yi tari ƙashin ƙirjinsa na motsi. Yanzu an ce za a cire wayoyin a rufe wurin da tsoka. Me ya hana a sake ɗinkewa kawai? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A irin wannan tiyata ana tsaga ƙashin ƙirji gida biyu, a ɗaure shi da wayoyin ƙarfe. Motsin da kika ji alama ce wayoyin sun yanke ƙashin, cutar ta kai ciki. Masu ciwon suga, ƙiba da shan taba sun fi fuskantar haka.

Ɗinki a kan ruɓa ba ya kamawa, domin mataccen ƙashi ba ya samun jini, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ta jini yake tafiya. Shi ya sa ake fara cire wayoyin, a kankare duk abin da ya mutu har a tarar da ƙashi mai fitar da jini, a aika samfuri ɗakin gwaji. Daga nan a sa soso na musamman da na'urar da ke zuƙe ruwan rauni, ana canja shi duk kwana 2 zuwa 3. Dole a shimfiɗa kariya a kan zuciya tukuna, kar gefen ƙashi ya yage ta.

In wurin ya yi tsabta kuma ƙashin na da ƙwari, a haɗa shi da sabuwar waya ko farantan ƙarfen titaniyam. In ruɓar ta cinye ƙashin, sai a cike ramin da nama mai rai. Galibi tsokar ƙirji ta dama da hagu ake ɗagowa a haɗa a tsakiya. Ƙasan raunin shi ne mai wuya, tsokar ba ta cika kaiwa can ba, sai a juyo da tsokar gaban ciki ko kitsen da ke lulluɓe da hanji. Amma in an ɗauki jijiyar jinin bayan ƙashin ƙirji wajen gyaran zuciyar, ba a cika juyo tsokar cikin ta wannan gefen ba, don wannan jijiyar ce ke ba tsokar jini.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta yakan kai mako 6. Ki kula da sugansa sosai, ya rungumi matashin kai in zai yi tari, kar ya ɗauki abin da ya wuce kilo 5 sai likita ya yarda. Zazzaɓi, kumburi ko jini, a koma asibiti nan take.