Tambaya da Amsa: Wai mene ne "loose" ɗin nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina son ƙarin bayani a kan kalmar loose. Na rubuta "I don't want to loose my phone" a aikin gida, malaminmu na Turanci ya zagaye ta da jan biro bai ce min komai ba, ni kuma wallahi haka nake ganin kowa na rubutawa a Facebook. Ɗalibarka daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki bai zalunce ki ba, abin da kike nufi lose ne mai "o" ɗaya, wato ɓatar da abu ko shan kaye a wasa, kuma aikatau ne, ana furta shi luuz. Mai "o" biyu kuwa siffa ce, ana furta ta luus, ƙarshenta kamar na bas. 'Yan Facebook kuma ki bar su kawai, har Turawan ma suna wannan kuskuren.

Ma'anarta dai abu ne da bai ɗauru ba, ko bai kamu da kyau ba, ko yake a sake, mu dai sako-sako muke cewa. Haƙorin yaro da ya fara girgiɗi loose tooth ne, akuyar da ta tsinke igiya ta faɗa gonar maƙwabci sai a ce the goat is loose, in mai gyaran wuta ya duba soket ɗinku ya ce loose connection ne to waya ce ta saki ba wani abu ne ya ƙone ba, riga burum-burum wadda ba ta kama jiki ba ita ma loose ce, kishiyarta tight. Takardun da ba a ɗinke su cikin littafi ba loose sheets, 'yan canjin da ke watse a aljihu loose change, a asibiti kuma in likita ya rubuta loose stool zawo yake nufi.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne in Bature zai ce mutum ba shi da cikakken hankali sai ya ce he has a screw loose, kin ga daidai da namu na notin kansa ya kwance, kamar mun haɗa baki. Amma ki kiyayi loose woman, zagi ne mai muni, mace marar kamun kai ake nufi, kar ki kuskura ki faɗa wa wata ko da wasa.

Asalinta ma ba ta Ingilishi ba ce, aro suka yi daga tsohon yaren 'yan Sikandinebiya, wato mutanen arewacin Turai, da suka zauna a arewacin Ingila, su lauss suke cewa.

In kina son aikatau na sassautawa, loosen za ki ce, kamar loosen the rope, sassauta igiyar. Sai kuma looser da loser, na farkon yana nufin ya fi zama sako-sako, na biyun wanda aka kayar, shi ya sa in na ga samari bayan wasan ƙwallo suna rubuta wa juna looser nakan ce oho, kun dai ce ɗan'uwanku ya fi sakwarkwacewa ne kawai. Jimlar taki ki goge "o" ɗaya ki mayar wa malam.