Zakara, gwani ko gwarzo? Amsar tambayoyinku kan gardamar ƴan damben zamani

Tambayoyin wannan karon kusan duk tushensu ɗaya: gardamar da ake tafkawa a fada wajen shan shayi kan wanda ya fi kowa a damben zamani.

Wani malamin makaranta daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ya rubuto: "Malam, a fadarmu an rabu gida uku, masu Muhammad Ali, masu Mayweather da masu Tyson. Kowa na kiran nasa zakara, gwani, gwarzo. Kalmomin nan ma'anarsu ɗaya ce?"

Ba ɗaya ba ce, Malam, kuma rabin gardamarku daga nan ta taso. Zakara matsayi ne na lokaci. Asalinsa zakaran kaji, wanda ya rinjayi ƴan'uwansa har cara ta zama tasa. Wanda ya ci gasa bana shi ne zakaran bana, baɗi in an kayar da shi suna ya koma kan wani. A gasar kokowa ta ƙasa a Nijar abin a fili yake, domin takobi ɗaya ne ake ba zakara. Kantu na Maraɗi ya lashe ta a Tawa a 1975, karon farko da aka yi gasar, kuma duk wanda ya ɗaga takobin babu mai tambaya ko shi ne zakara. A damben zamani kuwa manyan ƙungiyoyi huɗu ne ke ba da kambu, WBA da WBC da IBF da WBO, ajin nauyi kuma aƙalla 17 ne. In ka lissafa, a rana ɗaya ana iya samun mutum 68 ko fiye kowanne na amsa sunan zakaran duniya. Don haka cewa wane zakara ne ba ta raba gardama, sai an faɗi a wane aji, kambu nawa ya haɗa, kuma wa ya doke kafin ya samu.

Gwani kuwa maganar iyawa ce. A tsangaya ba a ce wa mutum gwani don ya haddace Alƙur'ani kaɗai, sai ya kai inda da wuya a kama shi da gyara a karatu ko a rubutu. Wannan ma'ana ta rashin gyara ita ta dace da Floyd Mayweather. Dubi tsayuwarsa: kafaɗar hagu a ɗage tana kare haɓa, hannun hagu a ƙasa kan ciki, na dama a jikin kunci. Naushin abokin karawa ya zo ya zame kan kafaɗa, kafin ya janye hannu Mayweather ya mayar masa da dama. Da haka ya yi dambe 50 bai faɗi ko ɗaya ba, 27 daga ciki ya gama su kafin lokaci, ya riƙe kambu a aji biyar. Ko ba ka son salonsa, yabon gwani ya zama dole.

Gwarzo ne kalmar da aka fi yi wa rashin adalci. Gwarzantaka ba ta bayyana sai wuya ta zo. Mutumin da aka danne ya taso, aka tare masa hanya ya ƙi komawa, shi ne gwarzo. Ali ya karɓe kambu daga Sonny Liston a 1964 yana ɗan shekara 22. A 1967 aka ƙwace shi saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, ya yi shekara uku da rabi ba ya dambe, a daidai shekarun da ɗan dambe ke kan ganiyarsa. Ya dawo, Joe Frazier ya kai shi ƙasa a turmi na 15 a 1971, ya miƙe ya ƙarasa, ya faɗi da maki. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Dukansu biyu ya sake haɗuwa da su ya rama. Ya karɓo kambu daga George Foreman a 1974, ya rasa shi a hannun Leon Spinks a farkon 1978, ya sake ƙwato shi kafin shekarar ta fita. Dambe 61 ya yi, ya ci 56, ya faɗi 5. Mai cewa faɗuwa biyar ta hana shi zama gwarzo ya juya kalmar ne a baibai. Ba don faɗuwar da ramuwar ba, da gwani kawai za a ce masa.

Wani dattijo mahauci daga Tibiri, wanda ya ce ya ɗaura zare a ƙuruciyarsa, ya aiko da tambaya mai daɗi. Ya ce jikansa ya nuna masa damben Mayweather da Manny Pacquiao a waya, ya ga an tashi babu kisa amma an ɗaga hannun mai ja da baya. Da ya yi magana sai yaron ya ce masa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ya ce shin yaron ya yi daidai?

Baba, da idon damben gargajiya ka kalla, kuma a can kana da gaskiya. A dandali in hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. In aka yi turmi uku babu wanda ya faɗi sai a raba, babu mai nasara. Damben zamani ya saɓa a wuri biyu. Faɗuwa ba kisa ba ce, alƙalin wasa zai ƙirga goma, in mutum ya miƙe da hankalinsa a ci gaba. Sannan in aka kai ƙarshen turmi 12, kowanne minti uku da hutun minti ɗaya a tsakani, alƙalai uku da ke zaune a gefe su ke yanke hukunci. A kowane turmi wanda ya fi samun abokinsa da naushi mai kyau ya sami maki 10, ɗayan 9, in kuma ya kai shi ƙasa yawanci 10 da 8 ne. A wancan damben na ranar 2 ga Mayu 2015 alƙali ɗaya ya rubuta 118 da 110, biyu suka rubuta 116 da 112, duk ga Mayweather. Bin mutum a guje ba ya kawo maki in naushin iska yake duka.

Karin maganar kuma akwai tarko a rubutunta. Ragon da ake nufi shi ne na layya, mai dogon wasali a farko. Malalaci mu nan raggo muke cewa, amma a rubutun Kano shi ma rago ake rubutawa, shi ya sa wasu yara ke zaton ana kare matsoraci ne. Duk wanda ya ga raguna biyu na karo ya san abin da ake nufi: kowanne ya ja baya taku da yawa, ya sunkuyar da kai, ya taho da gudu. Ja da bayan neman ƙarfin karo ne. Sharaɗin karin maganar kenan, sai in akwai dukan da ke biyo baya. Mayweather na ja baya ya mayar, don haka jikanka bai yi kuskure ba. Amma inda ta zauna daram shi ne Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba 1974. Ali ya jingina da igiya, ya rufe fuska da hannuwa, ya bar Foreman na jibgar damatsa da haƙarƙari turmi bayan turmi har hannuwansa suka yi nauyi. A turmi na takwas ya baro igiyar, ya jera masa naushi, na dama ya kai shi ƙasa, aka ƙirga goma. Dabarar tana da tsada, kada matashi ya ɗauka sauƙi ce: dukan da ya sauka kan jiki ya sauka, kuma in ƙarfin mai dukan bai ƙare da wuri ba, mai jinginar ne za a ɗauka.

Wata ɗaliba daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta tambaya: faɗuwar Mike Tyson a hannun Buster Douglas, "gaba da gabanta" za a ce, ko "ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido"?

Ta biyun ce, ƴar'uwa. Cikakkiyar ta farko ita ce "gaba da gabanta, aljani ya taka wuta", kuma ana faɗinta ne in abin tsoro ya gamu da wanda ya fi shi na haƙiƙa. Douglas bai fi Tyson ba. Tyson ya zama zakaran masu nauyi yana ɗan shekara 20 a 1986, babu wanda ya taɓa yin haka da ƙarancin shekarunsa, kuma a 1988 cikin daƙiƙa 91 ya gama da Michael Spinks. Da aka haɗa shi da Douglas a Tokiyo a Fabrairun 1990 kusan babu wanda ya ba Douglas ko ɗan zato. Tyson ya kai shi ƙasa a turmi na takwas, ya miƙe, a na goma shi ya shimfiɗe Tyson. Cikin shekarar nan Evander Holyfield ya karɓe kambun daga Douglas a turmi na uku. Haki ne da aka raina ya shiga ido. Gaba da gabanta sai daga baya, lokacin da Holyfield ya tsayar da Tyson a 1996, Lennox Lewis kuma ya kayar da shi a turmi na takwas a 2002. Babu ɗaya cikin ukun da Tyson ya rama a kansa, kuma wannan ne ya sa ba na sa shi sahu ɗaya da Ali, duk da firgicin da ya saka a zukatan abokan karawarsa. Lewis kuwa sau biyu kacal ya faɗi, a hannun Oliver McCall a 1994 da Hasim Rahman a 2001, kuma duka ya rama.

Wani mai kabu-kabu daga Tasawa ya ce abokansa sun hana shi kawo sunan Ali, wai karen bana shi ke maganin zomon bana. Ya ce in haka ne, ni wa zan zaɓa?

Ɗan'uwa, sun ɗauko karin magana sun ɗora ta inda ba wurinta ba. Karen bana maganar dacewa ce: matsalar yau sai ɗan yau wanda ya san ta. Ba ta ce karen bara bai iya farauta ba. Wadda suke nema ita ce "sarki goma, zamani goma", wato kowa a auna shi da zamaninsa, kuma a dambe akwai dalilin yin haka. A zamanin Ali damben kambu turmi 15 ne. Bayan rasuwar Duk Koo Kim, ɗan Koriya ta Kudu, sakamakon damben da ya yi da Ray Mancini a 1982, ƙungiyoyin suka rage shi zuwa 12 ɗaya bayan ɗaya. Jikin masu nauyi ma ya canza: Ali kilo 98 yake a Kinshasa, Tyson Fury kuwa kusan kilo 119 ya auna ranar da ya fara haɗuwa da Oleksandr Usyk a Riyad a Mayun 2024.

To in zamanin nan ya faro daga shekarun 1960, ni Ali zan ce, ba tare da jan numfashi ba. In kuwa daga zamanin turmi 12 za a fara lissafi, gwani dai Mayweather ne, amma gwarzo Pacquiao. Ya fara dambe a Filifin nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ya yi ta hawa yana karawa da waɗanda suka fi shi jiki har ya ci kambu a aji takwas, abin da babu wanda ya yi. A Disambar 2012 Juan Manuel Márquez ya kifar da shi rubda ciki a turmi na shida, mutane da yawa suka ce ya gama. A 2019, yana ɗan shekara 40, ya doke Keith Thurman wanda ba a taɓa dokewa ba. Na san za a ce ai Mayweather ya doke shi. Haka ne, kuma wannan ya tabbatar da wanda ya fi iyawa a daren. Mizanin gwarzantaka daban ne. Wanda ke ƙoƙarin haɗa duka biyun shi ne Usyk na Yukren: ya tattara kambu huɗu a ajin da ke ƙasa da na masu nauyi a 2018, ya hau sama ya doke Anthony Joshua sau biyu, ya doke Fury sau biyu duk da ratar sama da kilo 15 a tsakaninsu.

Tambaya ta ƙarshe daga Madarumfa ta zo. Mai tambayar ya ji ana cewa "damben ƙwararru", ya ce to Issaka Daboré ba ƙwararre ba ne da ba a sa shi cikin gardamar?

Ƙwararre ne mana. Kalmar ce ba ta kama abin da ake nufi ba. Ƙwarewa iyawa ce da aka samu ta yawan yi, ba ruwanta da biya. Abin da ake son faɗi shi ne damben sana'a, wanda ake sa hannu a takarda, a yanka wa kowa kuɗinsa. Daboré a gasar Olamfik ta Munik ya ci wa Nijar lambar tagulla a 1972, a ajin kilo 63 da rabi, lambar farko da ƙasar nan ta taɓa samu a gasar. A lokacin ƴan damben sana'a ba sa shiga Olamfik, kuma turmi uku ake yi. In ana neman ƴan Afirka ta Yamma a ɓangaren sana'a, sai a ambaci Hogan Bassey na Najeriya da ya ci kambun duniya a 1957, da Dick Tiger da ya ci a 1962 ya ƙara a aji na sama a 1966, da Azumah Nelson na Gana da ya fara riƙe nasa a 1984.