Filin Tambaya da Amsa: Kwamfutata ta yi ƙauri bayan mun sauya gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mun tashi daga wani tsohon gida a Hindawiyya muka koma sabon gini. Ina jona kwamfutata ta tebur a bango sai na ji ƙara "fas", ƙauri ya tashi, tun daga nan ko fitila ba ta kawowa. Takardun aikina da hotunan iyali duk suna ciki. Wani ya ce in jefar da ita in sayi sabuwa. Tana gyaruwa kuwa? Zan iya gyarawa da kaina?
Mai karatu daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Kada ka jefar da ita, kuma kada ka sake jona ta. Bisa abin da ka bayyana, fawa saflai ce ta ƙone, wato akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke bayan kwamfuta, inda wayar wuta take shiga. Aikinta shi ne ta karɓi wutar bango ta mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3, wanda kayan ciki suke iya ɗauka.

Irin wannan matsala nakan gan ta sosai wajen mutanenmu na Jidda da Makka. Tsofaffin gidaje da yawa a nan suna da soket mai bolt 127, wasu ma a ɗaki ɗaya za ka tarar da 127 da 220 gefe da gefe. A shekarar 2010 gwamnatin Saudiyya ta yanke shawarar komawa bolt 230 sannu a hankali, don haka sababbin gine-gine da ita suke zuwa. Duba bayan kwamfutarka, kusa da inda waya take shiga. Idan ka ga ɗan jan makunni mai rubutu 115 da 230, kuma yana kan 115, to ka gano mai laifi: ka ba ta ninkin wutar da aka saita ta a kai. Mafi yawan lokuta ɓarnar takan tsaya a fawa ɗin, had-dis ɗin da takardunka suke ciki ya tsira. Wani lokaci takan taɓa madabod, wato babban faifan da duk kayan ciki suke haɗe a jikinsa, amma ba a gane hakan sai an sa sabuwar fawa an gwada.

Kafin ka fita saye, cire wayar bango, ka buɗe murfin gefe, ka ɗauki hoton cikin da wayarka ta hannu. Wannan hoton zai yi maka amfani fiye da duk bayanina idan ka zo mayar da wayoyi. Sannan ka ƙirga ramukan babban fulogin da ya shiga madabod. Idan 24 ne, ko 20, to fawa ce ta gama-gari da ake kira ATX, kana samunta a shagunan kwamfuta na Titin Khalid bin Walid. Idan kuma kwamfutar ofis ce ta Dell ko HP, musamman siriran nan, da yawansu suna da fulogi nasu na daban mai rami 6 ko 8. Su kam sai ka ɗauki tsohuwar ka tafi da ita a ba ka irinta sak.

A wajen saye nake roƙonka ka natsu. Kada ka ɗauki mai arha marar suna, wadda in ka ɗaga za ka ji ta sakayau. Irin su ne idan za su mutu suke tafiya da madabod da had-dis, ga zafin Jidda da ƙura da danshin teku ba sa raga wa kayan banza. Nemi mai tambarin 80 Plus, wato shaidar cewa ba ta ɓarnar wuta sosai, kuma ka karanta jikinta ka ga an rubuta 100-240V. Wannan ba ta da jan makunni, ita take daidaita kanta da kowace wuta, ko ka kai ta Kano ko Damagaram. Idan rubutu da intanet kawai kake yi, wat 400 zuwa 450 ya wadatar. Sai in akwai babban katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hotunan da ke fitowa a allo, ake neman fiye da haka.

Sauyawar kanta ba wuya. Kusoshi huɗu ne a baya suke riƙe da ita. Zare babban fulogi kana danna ɗan maƙallinsa, kada ka fizga, sai na furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai rami 4 ko 8, sai siraran na had-dis. Sa sabuwar, ka ɗaure, ka mayar da kowace waya kana duba hoto. Kowane fulogi ta fuska ɗaya yake shiga. In ya ƙi, juya shi, kada ka tilasta. Wanda aka fi mantawa shi ne na furosesa, sai fanka ta yi ta juyawa allo yana baƙi, mutum ya ɗauka ba ta gyaru ba.

Ita kuwa tsohuwar, don Allah kada ka kwance ta don ganin abin da ya ƙone, kuma kada ka bar wa yara ita su yi wasa. Kafasitocin cikinta, wato 'yan kayan da ke tara wuta, suna iya riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire ta daga bango. Idan ka sa sabuwar fawa amma kwamfutar ba ta tashi ba, cire had-dis ɗin ka kai wa mai gyara ya kwashe maka takardu da hotuna tukuna, sannan a duba madabod.