Amsa kan batun muwon da "rushewar" Daidaitaccen Tsari

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske gwajin muwon na Fermilab, cibiyar binciken kimiyya da ke Amurka, ya rusa Daidaitaccen Tsari, wato ƙa'idar da ta tattara ƙananan ƙwayoyin halitta da yadda suke hulɗa da juna. Bai rusa shi ba. Labarin da ka gani na 2021 ne, kuma an bar wurin tuni.

Muwon ɗan'uwan ilektiron ne, sai dai ya ninka shi nauyi kusan sau 207. In ya shiga filin maganaɗisu yakan yi tangaɗi kamar katantanwar da yara ke murzawa. Saurin tangaɗin nan ake aunawa, a gwada da abin da lissafi ya ce. Zoben maganaɗisun da muwon ke zagayawa a cikinsa ma daga cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar New York aka kwaso shi a 2013, ta ruwa da ta mota, har kusa da Chikago.

A Afrilun 2021 aka sanar da giɓin sigma 4.2 tsakanin awo da lissafi (sigma ma'auni ne na yadda giɓi ya fi ƙarfin a ce dace ne kawai). A wannan fanni ba a cewa an gano abu sai an kai 5, amma jaridu ba su jira ba. Ni ban yi rawar kai ba, don na taɓa ƙonewa. Lokacin da nake digiri na uku na kwashe mako uku ina lallaɓa wani ɗan tudu da ya ɓullo a jadawalin bayanan awona, har na fara tunanin taken takarda. Malamina ya dube shi, ya ce, "Ka duba zafin ɗakin?" Ashe na'urar sanyaya ɗaki ce ke sanyin jiki da rana, na'urar awon kuma tana bin zafin. Tun daga ranar, in na ga giɓi sai na tuhumi ɓangarorin biyu.

A batun muwon, awon ya tsaya daram. Lissafin ne ya motsa. Wurin da ya fi wuya shi ne gudummawar kwak da gulon (ƙwayoyin da ke cikin cibiyar ƙwayar zarra), wadda alƙalami da takarda ba sa iya fitarwa. A da ana ciro ta ne daga bayanan karon ilektiron da fozitiron, wato kishiyar ilektiron. A 2021 ɗin nan dai wata ƙungiyar masu lissafi da ake kira BMW ta lissafa ta da manyan kwamfutoci, ta samu adadin da ya fi kusa da awon Fermilab. A 2023 gwajin CMD-3 na Nobosibirsk a Rasha ya fito da bayanan da suka saɓa wa na baya. A 2025 masu lissafi suka rungumi hanyar kwamfuta, Fermilab kuma ta fitar da sakamakon ƙarshe a watan Yuni, da kuskuren da bai wuce kashi 127 cikin biliyan ba. Awon da lissafin suka zo daidai.

Haka aka yi da nauyin wata ƙwaya mai suna W: ƙungiyar gwaji ta CDF a Fermilab ta ce ya zarce hasashe a 2022, ƙungiyar CMS a Turai ta auna a 2024 ta same shi inda ƙa'ida ta ce.

Ba wai tsarin ya kammala ba ne. Bai san duhun abu ba, wato abin da ba a gani amma yake riƙe da tarin taurari, bai kuma yi bayanin nauyin niyutirino, wata ƙwaya maras nauyi ƙwarai, ba. Abin da nake bibiya yanzu shi ne dalilin saɓanin bayanan karon ilektiron da fozitiron, da kuma gwajin da ake shiryawa a cibiyar bincike ta J-PARC a Japan, wanda zai sake auna muwon ta wata hanya dabam.